Yadda Aka Goge Sunan Rumasa'u

Zuba, Abuja
6 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Iyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da kowa na gida. Ya ƙafar taki? Kina shafa man da na aiko, ko kin koma wa ganyenki? Ni lafiya ƙalau, in ban da murar da sanyin ofis ke sa mini, don shugabarmu ba ta yarda a kashe na'urar sanyi ko da kowa na karkarwa.

Kin ce kada in ƙara yi miki magana mai muhimmanci a waya, wai a waya ina faɗa in musa. To ga takarda. Malam Zulkifilu direba zai kawo miki in ya ɗauko lodin lemo daga kasuwar Zuba.

Kullum kina tambaya wai aikin me muke yi a ƙungiyar nan. Bari yau in gaya miki gaskiya. Akwai wasu Turawa a ƙasarsu da ke ware kuɗi don haƙƙin yara. Ba su taɓa ganin yaran ba, ba kuma sa neman ganin su sai a hoto. Kowace shekara akwai abin da ke yayi a wurinsu, kamar yadda atamfa ke yayi a wurinku. Shekarar da na fara aiki dukan yara ne, muka buga riguna muka yi taro. Bara takardar haihuwa ce. Bana kuma sun farka da tausayin 'yan matan da ba sa zuwa makaranta. Mu namu shi ne mu leƙa mu ga abin da ke yayi, mu rubuta musu cewa dama can shi ne ke damun mu. Makon jiya kwana uku muka yi a wani otal muna tattauna yunwar yara, ana shigo da kaji sau biyu a rana. Har wani ya yi ƙorafi wai kifin ba na kasuwar kifi ta Kado ba ne.

Shugabar tamu, Madam Precious, ita ce gwanar abin. In Baturiyar da ke kula da mu ta zo, tun daga bakin ƙofa idon Madam ke cikowa da hawaye. Baturiya na shiga mota Madam take tambayar wa ya kwashe ragowar kajin.

Amma wannan karon a cikin shirmen akwai abin da zai amfane mu. Za a zaɓi 'yan mata ɗari biyu a ƙaramar hukumarmu ta Bakori, a kai su makarantar kwana, a ɗauki nauyinsu har su gama sakandare: litattafai, kayan makaranta, abinci, komai. Ni ke rubuta jerin sunayen. Na san tun rasuwar maigidanki Malam Aminullahi abin da ke cin ranki shi ne yadda za ki yi da Rumasa'u in ta gama aji shida. Na sa sunanta, ita ce ta goma sha ɗaya.

Sharaɗi ɗaya ne. Shirin na waɗanda ba sa makaranta ne kawai. A ƙarshen watan nan za a turo masu ƙidaya su bi gida gida, su kuma duba rajistar makarantu. In suka zo, kada su same ta a aji, kada kuma su ga sunanta a rajista. Da sun wuce an gama.

Ki gaida Manniru da ƙannensa.

Ƙaninki,
Abdulhakim


Bakori
20 ga Oktoba

Abdulhakim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, kuma ganyen nawa ne ya yi aiki, ba man ka mai warin fetur ba. Rumasa'u ce ke rubuta mini kamar kullum, don haka ka san duk abin da ka aiko ita ke karanta mini shi.

Sau uku na sa ta maimaita takardarka. Wato yarinyar da ke tashi da asuba ta yi shara ta tafi makaranta ba ta da haƙƙi a wurin mutanen naku, sai wadda ta zauna a gida? Ni dai ban yi boko ba, amma wannan lissafin ko a kasuwar awaki ba a yin sa. Kuma kai da na goya a bayana, yau kai ne ke zaune a otal kana cin kaza da sunan marayu. Tir. Na ji kana zagin su Madam ɗin, amma ban ji ka ce ka ture farantin ba.

Duk da haka na yi abin da ka ce, don ba ni da wata hanya. Ka san Manniru a aji uku na sakandare ya tsaya, ba don ba ya so ba. Ba na son in ga haka a kan wannan yarinya.

Ka ce kada a ga sunanta a rajista. Rajista kuwa ba tabarma ba ce da za a naɗe ranar da baƙi za su zo a shimfiɗa washegari. Na je wurin hedimasta na ce za ta koma Abuja wurin kawunta. Da tsufana na tsaya gaban mutum na yi ƙarya. Ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan sunan, ina kallo.

Da yamma sai ga malamar ajinsu, Malama Nazeefa, har gida. Ta ƙi zama a tabarma. Ta ce, “Iyatu, yarinyar nan ita ke zuwa ta ɗaya tun aji uku. Bana ne za su rubuta jarrabawar shiga sakandaren kwana ta gwamnati, kuma in mutum ɗaya zai ci a garin nan, ita ce. Me ake yi a Abuja da ya fi wannan?” Na ce kawunta ya san abin da yake yi. Ta dube ni kawai ta fita. Ka ji abin da na faɗa a kanka, saura kai ka fitar da ni kunya.

Yanzu tana cikin gida, ko rijiya ba na aiken ta, tunda an ce tana Abuja. Ka gaya wa masu ƙidayar su hanzarta.

Yayarka,
Iyatu

Kawu, ina gaisuwa. Inna ta faɗi wasu kalmomi biyu a kanka da ban rubuta ba. Makarantar da za a kai mu akwai ɗakin karatu? Rumasa'u.


Zuba, Abuja
1 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, motar Malam Zulkifilu ce ta kwanta a gareji. Murar ta tafi, ciwon baya ya zo, don awa biyu nake yi a cunkoson hanya daga Zuba zuwa ofis.

Masu ƙidaya ba su taso ba tukuna. Kada ki ga laifina. Takardar tambayoyin da za su yi amfani da ita sai an aika wa Turawan sun sa hannu. Suka ba wani masani a can, wanda bai san inda Bakori take a taswira ba, ya dawo da tambaya: shin yarinyar da ke zuwa Islamiyya da yamma, ana lissafa ta cikin marasa makaranta ko a'a? A kan wannan muka koma otal kwana biyu. An kafa kwamiti. Kwamitin ya ba da shawarar a sake zama. Yanzu kuma Baturiyar ta tafi hutun Kirsimeti, kuma in sun tafi hutu ko gobara ake yi sai sun dawo.

Gaskiya ban yi zaton za ki cire ta tun Oktoba ba. Ni nufina ranar da za su zo. Amma tunda an riga an yi, to ya ma fi, don yanzu ko an bincika babu ƙarya a ciki.

Ga wani abu kuma. Turawan sun ce ba za su saki kashi na biyu na tallafin ba sai sun ga hotunan yaran. Haka tsarin yake, hoto a gaba, kuɗi a baya. Bayan sabuwar shekara za a turo mai ɗaukar hoto. Na nuna wa Madam hoton Rumasa'u na Sallah a wayata, ta ce da irin Hausarta, “Yarinyan nan ya yi tsabta da yawa, oga ba zai ji tausayi ba.” Don haka ranar ki sa mata tsohon kaya, ki nemo faranti a ɗora mata kamar mai talla. Na san abin haushi ne, ni ma kunyarsa nake ji. Amma minti goma ne, kuma babu wanda ya san mu da zai gani.

Ki gaya wa Rumasa'u akwai ɗakin karatu, na ga hotonsa a takardar da muka aika wa Turawa.

Abu mafi muhimmanci: kada ki mayar da ita makaranta sai kin ji daga gare ni. In suka ga sunan ya dawo rajista, za a cire ta a jerin, ni ma a tuhume ni.

Ƙaninki,
Abdulhakim


Bakori
12 ga Janairu

Abdulhakim,

Muna lafiya, alhamdu lillahi, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi ya warke.

Mutanenku sun zo ranar Talata, su uku a wata farar mota mai tsayi. Ko sallama ba su iya ba. Mai hoton ya zagaya gidan yana taɓe baki, ya ce ɗakina ya yi kyau da yawa, a koma bayan gida wurin katangar da ta zube. Na aro farantin gyaɗa a wurin maƙwabciyata. Suka ce ta cire takalmi, ta cire. Suka ce kada ta yi murmushi, dama ba ta da niyya. Ɗayan ya ɗebi ƙasa ya shafa mata a ƙafa, da hannunsa, a gabana. Yarinyar da ban taɓa ɗora wa talla ba, ko lokacin da nake takaba babu abin da za mu ci. Minti goman naka sai da ya kai la'asar, unguwa duk ta taru a kan katanga. Yanzu kowa ya san ba Abuja take ba, kuma kowa ya san Iyatu ta yi ƙarya.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Da suka gama suka fito da fom wai na amincewa. Ni na dangwala, dama haka na saba. Rumasa'u ta miƙa hannu a ba ta biro ta rubuta sunanta, sai mutumin ya janye. Ya ce yaran shirin nan dangwale suke yi, in aka ga rubutu a Abuja za a ce an yi maguɗi. Ya kama babban yatsanta ya danna a tawada ya danna a takarda. Bayan sun tafi na same ta tana goge yatsan da toka har ya yi ja.

Wai su ne masu kare haƙƙin yara. Ban ji ɗayansu ya tambaye ta ko me take so ba. Ko sunanta sai da suka duba takarda.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto. Malama Nazeefa ta sake zuwa, wannan karon ta zauna. Ta ce ta san komai, ba ta zo faɗa ba. Za a rufe rajistar jarrabawa a ƙarshen Fabrairu, kuma sai wanda sunansa ke rajistar makaranta za a yi wa. Ta roƙi hedimasta, ya yarda a mayar da sunan in na kai ta da kaina kafin lokacin. Ka ce kada in mayar sai na ji daga gare ka. To ina saurare. Ka faɗa mini ɗaya: in jira naku, ko in mayar da ita.

Iyatu

Kawu, ina karatu a gida da litattafan ƙawata Rukayyat. Lissafin kashi ne kawai ban gane ba, don bayan na bari aka fara shi. Rumasa'u.


Bakori
16 ga Fabrairu

Abdulhakim,

Lafiya dai? Malam Zulkifilu ya rantse mini hannu da hannu ya ba ka takardata. Manniru ya kira lambarka ya fi sau goma, tana shiga ba ka ɗauka. In ciwo ne ka aiko a gaya mini.

Saura kwana goma sha biyu a rufe rajistar jarrabawa. Malama Nazeefa ta ce in rabu da kai in kawo yarinya. Ni kuma ina tsoron in mayar da ita yau, gobe masu ƙidaya su zo, mu rasa can mu ja maka kora a wurin aiki. Na ce a raina da abin ya lalace da ka faɗa, tunda ka san abin da za mu rasa. Shirunka na ɗauke shi a matsayin in jira. In ba haka ba ne, kalma ɗaya ta isa, ka ba Malam Zulkifilu ko da baki ne.

Iyatu


Zuba, Abuja
4 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. An sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Na san wannan gaisuwar ta makara. Lafiyata ƙalau, ban yi ciwo ba, ba zan yi miki ƙarya a kan wannan ba.

An dakatar da shirin. A ƙarshen Janairu saƙo ya shigo kwamfutar Madam, layi huɗu. Wai gwamnatinsu ta sake tunani a kan tallafin ƙasashen waje, a tsayar da komai daga ranar, suna godiya da haɗin kai. Shi ke nan. Shekara uku muna rubuta musu rahoto mai shafi ɗari, su layi huɗu ya ishe su. Baturiyar da ke rungume yara a hoto ko sallama ba ta yi mana ba, ita ma ashe an sallame ta. Masu ƙidaya ba za su zo ba. Makarantar kwanan ma ba a kai ga yin magana da masu ita ba, hoton ɗakin karatun a intanet aka samo shi.

Takardunki biyu sun iso, na karanta. Madam ta tara mu ta ce kada kowa ya sanar da ƙauyuka, don tana neman wasu masu ba da tallafin, kuma abin da za ta nuna musu shi ne jerin 'yan mata ɗari biyu da ke zaune a gida. In iyaye suka ji suka watse, ba mu da abin sayarwa. Kullum sai ta ce mako mai zuwa. Na sa takardunki a aljihun tebur ina jiran mako mai zuwan. Kuma gaskiya, Yaya, na zaci in kika ga lokaci ya ƙure za ki yi amfani da hankalinki ki mayar da ita. Ban taɓa cewa ki bar ta ta rasa jarrabawa ba.

Amma ba a rasa duka ba. Madam ta samo wasu Turawan daga wata ƙasar, masu gidauniya. Su nasu yayin shi ne jin muryar yara, ba sa son babba ya yi magana a madadin yaro. Za a yi taro a otal ranar yara, ashirin da bakwai ga wata, za su zo da kansu. Hoton Rumasa'u ne a bangon littafin da muka buga, an kuma yi babbansa ya fi ƙofa tsayi. Kowa ya gani sai ya tsaya. Madam na son ta zo ta yi jawabi da bakinta. Na rubuta mata shi da Hausa, yana cikin ambulan ɗin nan, ni zan fassara. Amma haddacewa za ta yi, kada a gan ta da takarda a hannu. Ta zo da kayan da ta sa a hoton.

In suka ji tausayi suka sa hannu, shirin zai tashi, ita ce ta farko da za a ɗauka. Ba zan ɓoye miki ba, an sallami rabin ma'aikata, ni ma zamana ya dogara a kan wannan taron. Malam Zulkifilu zai taho da ita ranar ashirin da biyar, zan tare su a tashar Zuba.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Abdulhakim


Bakori
18 ga Mayu

Abdulhakim,

Mun yi azumi, mun yi Sallah, muna raye. Na gode wa Allah da ba ciwo ka yi ba, don na yi ta sadaka ina roƙa maka lafiya, ashe kana can kana jiran mako mai zuwa.

Dama don irin wannan ranar na ce ka riƙa rubutowa. Takardarka ta ɗaya ga Disamba tana gabana, na sa an karanta mini: “Kada ki mayar da ita makaranta sai kin ji daga gare ni.” Rubutunka ne ko ba naka ba ne? Yanzu kuma wai in yi amfani da hankalina. Na yi amfani da shi, shi ne ya ce mini ƙanina ba zai ga wuta ta kama gidana ya yi shiru ba. Nan ne hankalin nawa ya gaza, na kuma karɓi laifina. Ni na tsaya gaban hedimasta, ba kai ba.

Turawanku ban san su ba, ba su san ni ba. Sun ba da abinsu sun janye abinsu, can su gane. Madam ɗinku kuwa 'yar kasuwa ce, ta san hajarta. Kai ne ka san sunan yarinyar, kai ka yi mata huɗuba ranar da aka haife ta don ubanta na gona. Duk zagin da kake yi musu a takarda, na ɗauka kai daban ne. Ashe zagin ma cikin aikin yake.

An rufe rajista ranar ashirin da takwas ga Fabrairu. Malama Nazeefa ta jira ni a ofishin hedimasta har aka tashi, ni kuma ina bakin titi ina jiran motar Malam Zulkifilu ko ka ba shi saƙo. Sai baɗi, in ana da rai, za ta sake aji shida tare da ƙannen bayanta.

Jawabinka an karanta mini. Ban ce za ta zo ba, ban ce ba za ta zo ba. Tunda ka ce sabbin naku muryar yara suke son ji, na bar mata biron ta ba ka amsa da kanta. Ni na gama.

Iyatu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan bayanka ya yi sauƙi.

Na karanta jawabin. Farkonsa ya ce, “Sunana Rumasa'u, ban taɓa shiga aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba.” Kawu, wannan ita ce takarda ta huɗu da ka karɓa daga gidan nan, kuma duk ni na rubuta su. Tsakiyarsa ya ce mahaifina ne ya hana ni karatu. Baba shi ya kai ni aji ɗaya a kan kekensa, kai ma kana nan ranar. Ba zan iya faɗin haka a kansa ba yana kabari. Na haddace jawabin don ba shi da wuya, amma ba zan zo ba. Na mayar maka da shi cikin ambulan ɗin.

Farantin da aka aro ranar hoto bai koma ba. Da zaman gida ya yi yawa na roƙi Inna ta bar ni in riƙa fita da gyaɗa, ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta gaji ta bari. Yanzu na iya, ba sai an shafa mini ƙasa ba.

Asabar ta biyu a watan gobe za a yi jarrabawar, a makarantarmu. Rukayyat za ta rubuta, ni nake yi mata bita da yamma, har lissafin kashin na gane shi yanzu. Ranar zan kai gyaɗa bakin ƙofar makarantar, don an ce ana ciniki sosai in an fito.

Ka gaya wa masu ƙidayar in har yanzu suna neman yarinyar da ba ta zuwa makaranta, su zo ranar, za su same ni a bakin ƙofa. A watan Oktoba babu ita a gidanmu, amma yanzu akwai.

Ga sunana, da biro na rubuta.

Rumasa'u Aminullahi